Daga Bakin Randa Zuwa Cikin Yaro

 Yau a gindin randa za mu yi hirar tamu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 400,000 a kowace shekara, galibinsu a ƙasashe masu tasowa irin namu. Babban dalili kuwa shi ne gurɓataccen ruwa da rashin masai mai kyau. Wanda ma ya tsira, in ciwon yana yawan dawo masa, sai ki ga ya tsumbure, ga tsutsar ciki, abinci ba ya kama jikinsa.

To uwargida, na san za ki ce, "Ni da ba na fita, mai garuwa ke kawo mana, ina laifina?" Ba ki da laifi. Gyaran famfo da rijiya hakkin hukuma ne da maigida. Amma sau da yawa ruwa kan shigo gida da lafiyarsa, a randa yake lalacewa. An yar da moɗa a ƙasa, kaza ta bi ta kai, yaro ya fito daga bayi ya ɗauka ya tsoma har gwiwar hannu. Shi ke nan, kowa a gidan zai sha. Ki rufe randarki, ki rataye moɗa, ki riƙa wanke su. Ruwan da yara za su sha kuma a tafasa shi. Alam dai laka yake kwantarwa, ruwa ya yi garau a ido, amma ba ya kashe ƙwayar cuta.

Kada ki raina wannan aiki. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Tace ruwa da ƙyalle, wanda mata ke yi a tsakar gida, yana cikin abubuwan da suka kore shi, har a 2013 aka tabbatar babu shi a Nijeriya da Nijar.

Sai abin da muke sakaci da shi ƙwarai: kashin jinjiri. Wai ai na yaro ne, ba komai. Wallahi da komai! A juye fo a masai, a rufe bakin masan saboda ƙuda, sannan ki wanke hannu da sabulu, in babu ki sa toka, kafin ki taɓa abinci.

Idan kuma gudawar ta zo, don Allah a daina cewa haƙori ne a zauna. Kin ga maɗiga ta faɗa, ido ya zurma? Ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, shafa magani a ka ba zai ɗago ta ba. Ki ci gaba da ba shi nono. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, ko ki yi naki: tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma nemo ƙwayar Zinc ya sha kwana 10 zuwa 14.

In kin ga jini a kashin, ko ya ƙi kama nono, ko amai ya ƙi tsayawa, kada ki jira maigida ya dawo da magariba. Ki aika a kira shi, a tafi asibiti.