Daga Ayoru zuwa Matameye: Yadda Bakin Ƴan Kallo Ke Gyara Fim ɗin Ɗalibi

Ɗaliban da ke haɗa gajeren fim a matsayin aikin ƙarshen shekara sun saba da tafarki guda: a ɗauki hoto, a tace, a nuna wa abokan aji, a miƙa wa malami. Mutanen da aka ari harshensu da gidajensu da fuskokinsu su ne na ƙarshen gani, in ma har sun gani. Wannan maƙala na son nuna cewa tsarin nan a juye yake, kuma ɗalibin kimiyyar harshe yana riƙe da kayan aikin miƙar da shi fiye da kowa.

Mai da fim ga masu shi tsohon abu ne a Nijar. A shekarar 1954 Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa ƙasar nan a 1941 a matsayin injiniya kafin ya karkata ga nazarin al'adu, ya koma garin Ayoru da ke bakin kogin Isa ɗauke da fim ɗinsa mai suna Bataille sur le grand fleuve, wanda ya ɗauka a kan yadda Sarkawa ke farautar dorina. Aka kafa farin ƙyalle, aka haska. Mutane suka ga kansu, suka ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, suka nemi a maimaita. Bayan mamaki ya lafa sai suka fara suka. Rouch ya ɗora kiɗan farauta a kan wurin da ake fafatawa da dorina, yana ganin ya yi gwaninta tunda kiɗan nasu ne. Masuntan suka ce masa ba haka ake yi ba: farautar dorina shiru take so, domin dabbar tana ji daga ƙarƙashin ruwa, kuma kiɗan da ke ƙara wa mafarauci zuciya ita ma zai ƙara mata. Daga nan Rouch ya yi baya-baya da ɗora kiɗa a kan irin waɗannan finafinai. A zaman nan ne kuma Damouré Zika ya kawo shawarar da ta haifi fim ɗin Jaguar, wani maharbin zaki kuma ya gayyace shi ya zo ya ga tasu farautar, abin da ya zama La Chasse au lion à l'arc na 1965.

Abin lura shi ne irin sukar da Sarkawa suka yi. Ba su tsaya kan daɗin kiɗan ko rashin daɗinsa ba. Cewa suka yi fim ɗin ya faɗi abin da ba gaskiya ba game da sana'arsu, kuma ba wani masanin fim a Faransa da zai iya gano wannan kuskure. Irin wannan gyara ɗalibi ke nema.

To, mu kawo maganar gida. A ce ɗaliba daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram ta zaɓi Matameye, hedikwatar gundumar Kance, don fim na minti 15 a kan matan da ke tafiya ci-rani Aljeriya. Batu ne mai nauyi a yankin: a watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, galibi kuma daga wannan yanki suka fito. Idan ta nuna fim ɗin a jami'a, abokanta za su karanta fassarar Faransanci da ke gudana a ƙasan allo, idonsu ya rufe musu duk wani aibin da ke cikin sauti da furuci. A Matameye kuwa kunne ne alƙali. Don haka shawara ta farko ita ce a nuna shi can ba tare da fassara ba, kuma tun kafin a rufe aikin tacewa, lokacin da yanke wani sashe bai zama asara ba tukuna.

Me kunnen Matameye zai kama? Garin yana kan hanyar da ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Daura har Kano, kuma mutanensa sun ƙoshi da finafinan Kano. Suna fahimtar Kananci sarai, amma sun san ba shi suke yi a tsakar gida ba. Matsalar ita ce da zarar an kunna kyamara, ɗan wasan da bai taɓa tsallaka iyaka ba sai ya rikiɗe ya koma magana irin ta jaruman da yake kallo. Mai cewa lahiya ya koma lafiya, lakwal ta zama makaranta, mushe ya zama malam, wadda kullum take cewa za ta likita ta ce za ta asibiti. Wannan shi ne abin da William Labov ya bayyana a 1972: mai bincike yana son jin yadda mutane ke magana sa'ad da ba a sa musu ido ba, alhali ba ya iya ji sai ya sa musu ido. Lissafin kuɗi ma tarko ne. A nan dala tana nufin sefa 5, jika kuma sefa 1000, yayin da a tsallaken iyaka jaka naira 200 ce. Idan marubuciyar labari ta sa mai sayar da gero ta faɗi farashi da lissafin da ba na kasuwar garin ba, matan da ke kallo za su kwashe da dariya a daidai wurin da aka so su yi juyayi. Haka nan idan uwa ta kira ɗanta na fari da sunansa gatsau, ko mata ta ambaci sunan mijinta a gaban surukai. Ɗalibar da ta tashi a birni tana iya wuce waɗannan ba ta ji komai ba, amma tsohuwar da ke zaune a kan tabarma ba za ta wuce su ba.

Sai dai samun wannan gyara ba ya zuwa da sauƙi, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa ke tuntuɓe. Wanda ya tashi bayan an kashe majigi ya tambayi taro ko fim ya yi kyau, amsar da zai samu sananniya ce: ya yi kyau, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ba ƙarya suka yi ba, kara suka yi. Bahaushe ba ya kushe aikin baƙo a bainar jama'a, balle baƙuwar da ta sha rana tana bin gida-gida. In kuwa mai unguwa ko wani dattijo ya riga kowa magana, to shi ke nan, sauran sai bi.

Ɗalibin harshe ya san maganin wannan daga darasin nazarin karin harshe. A hanyar gwajin fahimta da Eugene Casad ya tsara a littafinsa na 1974, ba a tambayar mutum ko yana jin karin maƙwabtansa, domin amsarsa za ta dogara ne ga yadda yake kallon maƙwabtan. Ana kunna masa labarin da aka naɗa, sannan a yi masa tambayoyi a kan abin da ya faru a ciki. Haka za a yi da fim. A ce wa mai kallo: Inna, ba ni labarin abin da kika gani, kamar kina ba wadda ba ta zo ba. Wace ce matar da ta fito da farko? Me ya sa ta sayar da akuyarta? Yaron nan ɗanta ne ko ɗan riƙo? Idan mutum uku cikin biyar suka ɗauki kishiya a matsayin ƙanwa, laifin yana ga fim ɗin, kuma an san daidai inda za a taɓa. Tambaya ta biyu mai amfani ita ce: a cikin mutanen nan wa ya yi magana irin tamu, wa kuma ya yi irin ta ƴan fim? Wannan tambaya tana sakin baki, domin ta ɗauke suka daga kan mai aikin ta mai da ita kan ɗan wasa, an kuma ba mai kallo matsayin gwani a fagen da ya fi kowa sani.

Rarraba zaman yana da muhimmanci. Mata daban a cikin gida, kuma mace ce za ta yi musu tambaya, samari daban, dattawa daban. Ƙananan rukunoni na mutum 8 zuwa 10 sun fi taron dandali amfani nesa ba kusa ba, ko da yake taron dandali ya fi kyau a hoton rahoto. Yayin da fim ke gudana, wasu ɗalibai biyu su zauna a gefe da agogo da takarda, suna rubuta mintin da aka yi dariya, da mintin da hira ta ɓarke, da mintin da wani ya jawo waya ko ya tambayi na kusa da shi me aka ce. Jiki ba ya kara kamar yadda baki ke yi. Wurin da aka yi ta tambayar me aka ce galibi matsalar sauti ce, iska ko kukan injin niƙa ya danne magana, kuma ƴan kallo sun fi haƙuri da hoto mai duhu a kan maganar da ba ta fita.

Ba duk abin da aka faɗa za a ɗauka ba. Masu kallo gwanaye ne wajen nuna inda ciwo yake, amma maganin da suke bayarwa sau da yawa daga finafinan da suka saba gani yake fitowa. Wani zai ce a sa waƙa da rawa, wata ta ce a ƙare da aure. Idan suka ce tsakiyar fim ta yi tsawo a sa waƙa, abin ɗauka shi ne tsakiyar ta yi tsawo. Akwai kuma sukar da ta fi wannan wuyar sha'ani, wato a ce a cire sashe kaza domin yana zubar da mutuncin gari. A nan dole a bambance tsakanin mai cewa ba haka abin yake ba da mai cewa haka yake amma kada a faɗa. Na farko gyara ne, na biyu kuwa matsin lamba ne, kuma ɗaliba da malaminta ne za su auna shi. A ganina mutum guda ne kawai ba a jayayya da shi: wadda fuskarta da muryarta ke cikin fim ɗin. Matar da ta ba da labarin barar da ta yi a titunan Aljeriya tana iya amincewa ranar ɗauka, amma ta ga abin daban ranar da ta hango kanta a allo, ta tuna cewa gobe fim ɗin zai shiga wayoyin surukanta. Ɗaliba za ta koma Damagaram da makinta, ita kuwa a garin za ta ci gaba da zama. Shi ya sa ita ce ta fi cancanta ta fara gani, ita kaɗai, kafin kowane rukuni.

Bayan an yi gyara, kada a koma wa mutanen farko don gwaji, domin sun riga sun san labarin, ƙwaƙwalwarsu za ta cike duk giɓin da ya rage. A nemi sababbin kunnuwa a Kance ko wani ƙauye na kusa, a maimaita tambayoyin nan ba tare da sauya su ba, a kwatanta amsoshin. Idan kuma mahalarta sun yarda a naɗi tattaunawar, ɗalibar za ta dawo da abu na biyu wanda ba shi ta fita nema ba: magana ta sa'o'i da karin yankin, daga bakin mutanen da gardamar fim ta ɗauke wa hankali har suka manta da na'urar da ke gabansu.