Zaɓen Uwar Garke Domin Shafin Intanet Mai Sauyawa



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe yana magana a kan na'ura. Dalili kuwa shi ne, duk wanda ya taɓa yin rajistar zangon karatu ta intanet, ko ya nemi duba sakamakon jarrabawa ranar da aka sake shi, ya san takaicin shafin da ya ƙi buɗewa, ga kuɗin data na ƙarewa, ga wa'adi na matsowa. Ma'aikatan gwamnati kuma su ake kawo wa takardar sayen kayan nan su sa hannu, don haka ya kamata su san abin da suke saye.

Na'urar da ke karɓar buƙatun masu ziyara ta mayar musu da amsa, ita ce masu fassara suka raɗa wa suna uwar garke. Ni dai sunan bai kwanta mini sosai ba, amma tun da ya bi bakin mutane, sai mu tafi da shi. Ta farko a duniya Tim Berners-Lee ne ya kafa ta a cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Jeneba, a 1990.

Shafuka iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda kowa ya zo abu ɗaya zai gani, kamar sanarwar da aka manna a allo. Akwai kuma mai sauyawa, wanda sai an duba sunanka a rumbun bayanai, an yi lissafi, sa'an nan a rubuta maka naka kai kaɗai. Wannan na biyu shi ne mai wahala.

Manhajar Apache, wadda ta fito a 1995, ita ce ta daɗe tana riƙe da wannan aiki. Tsohon tsarinta ya yi kama da ofishin da ake ba kowane baƙo akawu guda, ya tsaya a kansa har ya gama. To, kowane akawu yana cin wani yanki na ƙwaƙwalwar na'ura. Mu ɗauka, alal misali, kowane ɗaya yana cin megabait 50, na'urar kuwa tana da 8,000. Ka ga ke nan mutum 160 kawai za a iya saurara a lokaci guda, sauran kuwa sai layi. Abin ya fi muni a wurare irin namu, inda akasarin masu ziyara da waya suke shigowa, sau da yawa kuma sabis ba ƙarfi: akawu ya gama aikinsa tuni, amma yana tsaye yana jiran amsar ta gama isa wayar.

A 1999 wani injiniya, Dan Kegel, ya fito da matsalar fili, wato yadda na'ura ɗaya za ta riƙe masu ziyara 10,000 a lokaci guda. Igor Sysoev, mutumin Rasha, ya saki manhajar nginx a 2004 domin wannan. Dabararta ita ce ma'aikata kaɗan, kowanne yana kula da dubban baƙi, ba ya tsayawa a kan kowa. Wanda takardarsa ta shirya a miƙa masa, a wuce na gaba. Adalci shi ne a faɗi cewa Apache ma ta kammala irin wannan tsari a fitowarta ta 2.4 a 2012, saboda haka gardamar wace ta fi wata ta rage zafi.

A nawa ra'ayi, shiri mai kyau shi ne a sa nginx a bakin ƙofa. Ita za ta miƙa hotuna da tsayayyun shafuka da kanta, ta tura aikin lissafi kaɗai ga manhajar da ke ciki, ko da PHP aka rubuta ta ko da Python, sa'an nan ta karɓi amsa ta sallami akawun nan take.

Amma fa, galibi ba a bakin ƙofa cunkoso yake ba, a rumbun bayanai yake. Idan ɗalibai dubu suka nemi jerin darussan sashe ɗaya, ba hikima a shiga rumbu sau dubu. Sai a ajiye amsar a ma'ajiyar wucin gadi irin Memcached ta 2003, ko Redis ta 2009. A nan sai an yi hattara ƙwarai, domin in aka yi sakaci aka ajiye sakamakon wani ɗalibi, za a iya nuna wa na bayansa.

Idan jama'a suka ƙaru, ana iya jera na'urori da yawa, a sa mai raba musu aiki, kamar HAProxy. Sharaɗinsa shi ne shaidar shigar kowane mutum ta zauna a wuri guda da duk na'urorin ke gani, in ba haka ba sai mutum ya ga an fitar da shi yana tsakar cike fom.

Kafin a biya ɗan kwangila, a sa shi ya gwada shafin da baƙin ƙarya. Akwai ƙaramar manhaja mai suna ab da ke zuwa tare da Apache, kyauta ce. A umurce ta ta aika buƙatu 500 a lokaci guda zuwa shafin rajista kansa, ba shafin farko mai hoton ƙofar makaranta ba, a rubuta daƙiƙa nawa amsa ta ɗauka, da kuma buƙatu nawa suka faɗi.