Ƙurar Hunturu da Wayoyin Lantarki: Hatsarin da Ke Bayan Kujera

Uwargida da maigida, yaushe rabonku da leƙa bayan talabijin ko ƙarƙashin gado, inda ekstenshan ke kwance? Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara ta sauke ta a gidajenmu. A unguwanni masu cunkoso kamar Sarkin Dawaki da ke tsakiyar Jalingo, ƙurar ababen hawa ma na ƙaruwa a kai. Ana share tsakar ɗaki kullum, amma wayoyin wuta ba safai tsintsiya ke kai musu ba.

Ga inda matsalar take. Ƙura na taruwa a ramukan soket da tsakanin ƙafafun filogi. Da ta sha danshi, ko na damina ko na ruwan goge ɗaki, sai ta zama hanyar da wuta ke bi kaɗan-kaɗan. Roba ta fara ƙonewa, tartsatsi ya biyo baya, ga labule da katifa a kusa. Wannan ƙurar kuma ita ce ke tayar wa masu asma da ƙananan yara tari.

Wutar da kamfanin YEDC ke rabawa a Taraba, kamar ta sauran Najeriya, mai ƙarfin bolt 230 ce, kuma tana iya kisa. Don haka kada ku ce ai an ɗauke wuta ku kama aiki, domin ana iya maido ta ba sallama. Ku kashe makunni, ku zare ekstenshan daga bango, sannan ku cire duk abin da aka jona masa. Ku goge wayoyin da busasshen tsumma, ku kaɗe ramukan da busasshen buroshi mai laushi. Ban da ruwa, ban da kalanzir, ban da zura ƙusa ko tsinke.

Kuna gogewa, ku riƙa dubawa. Wayar da ɓera ya ci, soket da ya yi baƙi, filogi mai zafi ko ƙaurin roba, duk alamu ne na a canza. Ɗauri da leda ba gyara ba ne, a kira mai gyaran wuta.

Ku kula da lodi ma. Filogi mai ƙafa uku ba ya wuce amfiya 13, wato kimanin wat 3,000. Hitar ruwa da dutsen guga a kan ekstenshan ɗaya na iya zarce haka. Ku ba kowanne nasa soket na bango, ku ɗaga ekstenshan daga ƙasa inda yara ke rarrafe, kada kuma waya ta bi ƙarƙashin kafet.

Idan wuta ta kama, kada a watsa ruwa. A kashe babban makunnin gida in ana iya kai masa, a fitar da kowa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ku ware minti goma duk mako a lokacin hunturu, ku fara da ɗakin da yara ke kwana.