Yadda Ake Gane Sifa a Turanci



A gwajin share fagen BECE da aka yi mana bana, tambaya ɗaya ta kayar da yawancinmu. An ba mu jumla biyu: "The trotro is fast" da "The driver drives fast". Aka ce mu faɗi ajin kalmar fast a kowacce. Mu kuwa muka rubuta adjective duka biyun, rabin maki ya tafi. Shi ya sa muka ce bari mu rubuta wa ƙannenmu abin da muka gano.

Wallahi abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A Ajurumiyya an raba magana gida uku: isimi, fi'ili da harafi. Turawa sun raba tasu gida takwas, kuma abin da suke kira adjective shi ne na'atin da malam yake koya mana da yamma, wato sifa, kalmar da ke bayyana yadda abu yake. Bambancin yana wurin zama. Balarabe yana sa sifa a bayan suna, ya ce baitun kabirun. Bahaushe yana da hanya biyu, babban gida ko gida babba. Bature yana sa ta a gaba, big house, ko bayan kalmomi irin su is da are. Kuma tasa ba ta sauya kama: mu muna cewa farin zane, farar riga, fararen kaya, shi white kawai, shi ke nan.

To, yaya za a gane ta? Kada a duba siffar kalma, a tambaye ta wa take yi wa aiki. A jumlar farko fast tana bayanin motar, mota kuwa suna ce, saboda haka adjective ce. A ta biyu tana bayanin yadda ake tuƙin, tuƙi kuwa aiki ne, ta zama adverb ke nan.

Akwai wani tarko. An ce mana kalma mai ƙarewa da -ly adverb ce. Ba kullum ba! Friendly da lovely sifofi ne, don ana cewa a friendly neighbour.

Misalin da ya fi ba mu dariya yana bakin titi. Idan mai talla a kasuwar Nima ta ce "pure water", pure sifa ce ta ruwan. Amma da ƙishi ya kama ka ka ce "ba ni pure ɗaya", ka mai da ita suna ba ka sani ba.

Ga aiki ga 'yan aji ɗaya: gobe in kuna tafiya makaranta, ku karanta allunan shaguna, cold store, fast food, mobile money, ku ciro sifar kowanne ku kawo mana ranar Asabar.