Aikin koyar da Turanci a Koriya ta Kudu: ina gaskiyar take?

Ana yawan cewa Koriya ta Kudu na neman malaman Turanci ruwa a jallo, wai duk mai digiri da bakinsa ya iya Turanci zai samu aiki da gida kyauta. A wannan magana akwai gaskiya, amma an yanke mata wutsiya.

Ƙishirwar Turancin ba ƙarya ba ce. Tun 1997 ake fara koyar da shi daga aji uku na firamare. Da an tashi daga makaranta, yara su wuce makarantun darasin yamma masu zaman kansu da ake kira hagwon, wasu sai dare ya yi nisa suke komawa gida. A 2023 iyaye sun kashe sama da won (kuɗin Koriya) tiriliyan 27 a kan irin wannan ƙarin karatu, kuma Turanci na cikin darussan da suka fi cin kuɗin. Ranar jarrabawar shiga jami'a, wato Suneung, a watan Nuwamba, har tashi da saukar jiragen sama ake dakatarwa na kusan minti 35, don kada ƙara ta hana ɗalibai jin sashen sauraro na Turanci.

Batun gida ma haka yake. Shirin gwamnati na EPIK, wanda aka kafa a 1995, yana ba malamansa wurin zama, kuma yawancin hagwon na yin hakan.

Inda gizo ke saƙar shi ne biza. Bizar E-2 ta malaman Turanci galibi an keɓe ta ne ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Fasfo ake fara dubawa kafin takardar digiri, sai shaidar cewa mutum bai taɓa aikata laifi ba, sai gwajin lafiya. Najeriya da Gana ba sa ciki, duk da cewa Turanci ne harshen gwamnati da makaranta a wurinsu. A ganina wannan doka ba ta yi adalci ba, domin ta fifita ɗan Landan da bai taɓa riƙe alli ba a kan malamin Zariya da ya shekara goma yana koyarwa. Amma ita ke aiki, kuma babu dillalin da ya isa ya sauya ta.

Don haka duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka wannan aiki da fasfon Najeriya, kuɗinka yake so. Masu cewa ka shiga da bizar yawon buɗe ido ka riƙa koyarwa a ɓoye sun fi haɗari: idan aka kama ka, akwai tara da kora daga ƙasar.

Ƙofar da ke buɗe ga namu ita ce ta karatu. Tallafin gwamnatin Koriya na GKS yana karɓar 'yan Najeriya, ana kuma neman sa ta ofishin jakadancin ƙasar a Abuja ko ta jami'o'in Koriya kai tsaye. Bizar E-1 ta malaman jami'a ma ba ta da wancan shinge na ƙasashe bakwai.