AIKIN JIN DAƊIN JAMA'A: KARATUNSA A JAMI'A DA SHIRIN KAMA AIKI

Tun zamanin kaka da kakanni mutanen ƙasar nan suna da hanyoyinsu na taimakon wanda ya gaza. In mutum ya rasu ya bar marayu, 'yan'uwansa su kan raba su su riƙe. In ciwo ya kwantar da manomi da damina, maƙwabta su kan yi masa gayya. Akwai zakka da sadaka, akwai mai unguwa da ke sasanta miji da mata, har makafi da kutare suna da sarakunansu masu lura da al'amuransu. Waɗannan hanyoyi suna nan, kuma amfaninsu bai ƙare ba. Amma fa garuruwa sun cika sun batse, mutane da yawa sun bar danginsu sun tafi neman abinci nesa, ga kuma tashin hankali da ya raba iyalai masu yawa da gidajensu, musamman a Arewa maso Gabas tun daga 2009. Saboda haka tilas a sami waɗansu mutane da aka horar musamman domin su tsaya wa wanda ba shi da mai tsaya masa. Su ne a ke kira Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a.

Asalin Aikin

A ƙasar Ingila aka fara tsara wannan aiki. A cikin 1869 aka kafa wata ƙungiya a birnin London domin shirya yadda a ke ba da taimako, gama an lura sadaka tana zuwa hannun waɗansu sau biyu sau uku, waɗansu kuwa ba su samun kome. Sai ƙungiyar ta riƙa aika mutane gida gida su bincika halin da mai roƙo ya ke ciki kafin a yanke abin da za a yi masa. A cikin 1895 wani asibiti a London mai suna Royal Free ya ɗauki wata mace, Mary Stewart, ta riƙa duba halin zaman marasa lafiya matalauta. A Amurka kuwa, Jane Addams ta buɗe gidan taimako a unguwar talakawa ta birnin Chicago a cikin 1889. Da aiki ya yi yawa, sai aka gane kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta isa ba, sai da ilmi. Aka fara ba da darussa a New York a cikin 1898, aka kuma buɗe makaranta a Amsterdam ta ƙasar Holan a cikin 1899.

A Nijeriya, aikin ya fara tsayuwa sosai a Ikko a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da yara marasa galihu suka yi yawa a titunan birnin. A cikin 1943 aka kafa dokar yara da matasa a can, wadda ta ware shari'ar yaro daga ta babba. Jihar Arewa ta yi tata dokar a cikin 1958. Ƙungiyar Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a ta Nijeriya ta kafu a cikin 1975, a shekara mai bi mata kuma Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta fara koyar da wannan fanni. Yau ana koyar da shi a jami'o'i da dama, kamar na Ilorin, da Benin, da Kalaba, da Ibadan.

Sharuɗɗan Shiga

Yaro ko yarinyar da ke son wannan karatu, wajibi ne ya gama makarantar sakandare, ya ci darussa 5 da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO, Turanci da Lissafi suna ciki. Sa'an nan ya zauna jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB. Darussan da za a haɗa a wannan jarrabawa su kan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka lalle ɗalibi ya karanta littafin bayani na hukumar kafin ya cika takarda. Shekara 4 a ke yi kafin a sami digiri na farko. Wanda ya riga ya sami difloma a fanni makusanci ya kan shiga a aji na biyu, watau ya yi shekara 3.

Abin da A ke Koya

Da fari ana koya wa ɗalibi ilmin zaman jama'a, domin ya san yadda iyali da unguwa da gari su ke, da abin da ke kawo talauci da mutuwar aure da yawon banza na yara. Ana koya masa ilmin halayyar ɗan Adam tun daga yarinta har tsufa. Ana koya masa dokokin da suka shafi aikinsa, kamar Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, da dokar hana wariya ga naƙasassu ta 2018. Tun da ya ke al'amarin yara yana hannun jihohi, dole ya san wace doka ce ke aiki a jihar da zai zauna, ya kuma san yadda kotunan Shari'a da na gargajiya ke duba maganar riƙon 'ya'ya da ciyarwa. Har wa yau ana koya masa ƙididdiga da hanyar bincike, kuma a shekarar ƙarshe ya kan rubuta ɗan littafin bincike nasa na kansa.

Hanyoyin aikin kansu guda 3 ne. Ta farko ita ce aiki da mutum ɗaya ko iyali ɗaya. Ta biyu aiki da ƙungiya, kamar a tara samarin da su ke ƙoƙarin barin shaye-shaye su riƙa ƙarfafa juna. Ta uku kuwa aiki da al'umma gaba ɗaya, watau a taimaki mutanen gari su gane bukatarsu, su haɗa kai su biya ta.

Koyon Aiki

Ba a iya wannan sana'a a cikin aji kaɗai, kamar yadda ba a koyon iyo a tudu. Saboda haka a kan tura ɗalibi ya yi makonni ko watanni a wurin aiki, ƙarƙashin wani ƙwararre mai duba shi. Wuraren su ne asibitoci, da ofisoshin jin daɗin jama'a na jiha da na ƙaramar hukuma, da gidajen marayu, da gidajen tsare yara, da gidajen gyaran hali irin na Kakuri a Kaduna, da sansanonin 'yan gudun hijira. Kowace rana ya kan rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, malaminsa kuma ya karanta ya gyara masa.

Ga misali. A ce an kama yaro ɗan shekara 12 ya ɗauki kaya a tashar mota. Wanda bai yi karatun ba, ko dai ya ce a hore shi, ko ya ji tausayi ya ba shi kuɗin abinci ya sallame shi, gobe kuwa yaron ya koma tasha. Wanda aka horar ya kan zauna da yaron ya saurare shi a tsanake. Ya nemi inda ya ke kwana, ya nemi iyayensa ko malaminsa, ya gano ko yunwa ce, ko gudun duka ne, ko wani babba ne ke aikensa. Sa'an nan ya rubuta rahoto ga alƙali, ya faɗi abin da ya gani da shawararsa. A kan wannan rahoto alƙali ya kan dogara wajen yanke ko a mayar da yaron gida, ko a ba wani ɗan'uwa riƙonsa, ko a kai shi gidan horo. In rahoton ya karkace, rayuwar yaron ce ta karkace. Bayan an yanke hukunci kuma aikin bai ƙare ba, gama sai ma'aikaci ya riƙa kai ziyara har ya tabbata yaron ya zauna.

Ladubban Aiki

Akwai ƙa'idodi da a ke cusa wa ɗalibi tun ranar farko. Na ɗaya, riƙe asiri. Abin da mace ta faɗa masa game da gidanta ba na hira ba ne, ba ya fita sai in doka ta bukata, ko kuwa ran wani yana cikin haɗari. Na biyu, kada ya raina kowa ko ya yanke masa hukunci saboda talauci, ko ƙabila, ko addini, ko laifin da ya taɓa yi. Na uku, ya bar babban mutum mai hankali ya zaɓi abin da zai yi da rayuwarsa. Nasa shi ne ya nuna hanyoyi da abin da kowace za ta haifar. Na huɗu, kada ya karɓi toshi ko kyauta daga wanda ya ke taimako. Na biyar, ya san iyakarsa: abin da ya ke na likita ya kai wa likita, na lauya kuma ya kai wa lauya.

Bayan Gama Karatu

Wanda ya sami digiri ya kan yi shekara 1 ta bautar ƙasa, sa'an nan ya nemi aiki a ma'aikatun gwamnati, ko asibitoci, ko hukumar gidajen gyaran hali, ko ƙungiyoyin agaji. A cikin 2022 an yi dokar kafa Majalisar Aikin Jin Daɗin Jama'a ta Nijeriya, wadda aka ɗora wa tsara sana'ar da rajistar masu yin ta, kamar yadda likitoci da ma'aikatan jinya su ke da tasu. Mai son ƙarin ilmi yana iya komawa ya yi digiri na biyu, ya ƙware a fanni guda, kamar na asibiti, ko na yara, ko na masu taɓin hankali.

Ya kamata a faɗi gaskiya, aikin ba na neman dukiya ba ne, kuma yana da gajiyarwa, gama ma'aikaci kullum yana cikin ganin baƙin cikin mutane. Amma bukatarsa a Arewa babba ce. Matar da ke cikin kulle ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace, tsohon da ba ya jin Turanci kuma ya fi faɗin damuwarsa ga wanda ya ji harshensa, ya san al'adarsa. Don haka ana roƙon iyaye da malaman makaranta, in sun ga yaro ko yarinya mai haƙuri, mai iya sauraro, mai riƙon amana, su nuna masa wannan hanya. Mai neman ƙarin bayani sai ya je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsa, ko ya tambayi malamin ba da shawara na makarantarsa.