Me Ke Sa Ganyen Shukar Cikin Ɗaki Ya Yi Rawaya?

Aibi ta ƙasashen Turai, wato Hedera helix, ba ta jure zafin bazararmu. Wata shuka mai yaɗo da akan ajiye a tukunya a ƙasar Kano ita ce Epipremnum aureum, wadda ake kira moni-filant.

Idan ganyenta ya soma rawaya yana zubewa, mai ita yakan zaci ƙishirwa ce, sai ya ƙara ruwa. Sau da yawa ruwan ne ma cutar. Saiwa tana numfashi: tana samun iskar oksijin daga 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Da zarar ruwa ya cike kafofin, saiwa ta shaƙe ta ruɓe, ta kasa tura ruwa zuwa ganye. Ga shuka tsamo-tsamo cikin ruwa, ga ta tana yaushi.

Kafin ban ruwa, ɗalibi ya tura yatsa cikin ƙasar kamar santimita 3. In da danshi, ya dakata. A huda gindin tukunyar, a haɗa ƙasar da yashi. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma. A nisanta ta daga yara da awaki, domin ganyenta yana ƙona baki.